Durƙuso a Gidan Sinima

A gidanmu na ƙauye, can arewa da Maraɗi, ba a jin tatsuniya da baki a rufe. Wannan doka na san ta tun kafin in iya ɗaura zane. Kakata ce ta kafa ta, uwar babanmu, wadda duk gidan muke kira Iya.

In sanyi ya shigo, an ci tuwo, an yi lisha, sai a tara karan gero a ƙofar ɗakinta a hura wuta, mu jikoki mu kewaye, gabanmu yana gasuwa, bayanmu yana ƙanƙara. Iya doguwa ce, siririya, ba ta cika dariya ba. Takan zauna a kan kwantaccen turmi, ta miƙe ƙafarta mai ciwo wajen wuta, ta ɗauki ɗan kara tana tonon toka. Sai can ta gyara murya ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa. A buɗe mata, ko ta kwana waje?"

Mu ce, "A buɗe mata, Iya!"

In amsar ta fito a sanyaye, sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ni ba da bango nake hira ba." Ta tattara zanenta ta shige ɗaki, daren nan kuwa babu labari ko an yi kuka.

Amma ba a nan nauyin dokar yake ba. Nauyinta shi ne, mutanen cikin labarin Iya suna jin muryarmu. In yaro ko yarinya suka doshi halaka, Iya takan ja labarin a hankali, a hankali, har ta kai shi bakin ramin, sannan ta yi shiru tana tonon tokarta. Wannan shirun namu ne. Mu za mu kira. In muka ɗaga murya muka ce, "Kai, tsaya! Kada ka ci! Kada ka buɗe!" sai Iya ta gyaɗa kai, mutumin ya ji, ya juya, ya tsira. Kullum muna kira, kullum suna tsira, har muka ɗauka wasa ne.

Wadda muka fi so ita ce ta Kande da jar akuyarta. Wata rana garke ya dawo da almuru, jar akuya ba ta ciki. Kande ta ɗauki igiya ta fita nema ta ƙofar gabas, akuya kuwa ta shigo ta ƙofar yamma, uwar Kande ta kama ta ta ɗaure a turke. Mu mun san haka, don Iya ta gaya mana. Kande ce ba ta sani ba. Tana tafe tana kira har ta wuce gonaki, ta iso wani kango da ba a shiga, wanda mutanensa suka ƙare a wata annoba. Daga cikin ɗaki guda da ya rage da rufi, sai ta ji kukan akuyarta. Nan Iya takan yi kukan da bakinta, siririn kuka mai rawa a ƙarshe, irin wanda in ka saurara da kyau za ka san ba daga maƙogwaron dabba yake fitowa ba. Kande ta ɗaga ƙafa za ta tsallake dokin ƙofa. Sai mu fashe da ihu gaba ɗaya, "Kande, koma! Akuyarki tana gida!" Kande ta janye ƙafarta ta ruga, abin da ke cikin ɗakin ya bi ta da dogon tsaki.

Wani dare aka tafi biki ƙauyen da ke gaba da mu. Yara duk suka bi iyayensu mata, aka bar ni saboda tari, ni da ƙanena. Na roƙi Iya ta Kande. Kafin a kai gonaki ƙanena ya yi barci a cinyata. Wuta ta ja baya, ba mai ƙara mata kara. Iya ta yi kukan akuyar. Ban taɓa jin sa ni kaɗai ba, kullum ina cikin taro, ihun manya yana ɗauke da nawa. Ranar sai na ji kamar daga bayana kukan yake fitowa, daga cikin ɗakin Iya mai duhu. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Iya ta yi shiru. Ta tona toka. Ta ɗago ta dube ni, ta jira. Allah ya sani ta jira ni, ta ba ni lokacin da ba ta taɓa ba taro ba. Na buɗe baki, iska kawai ta fito.

"Sai Kande ta tsallake," in ji Iya. "Ta shiga."

"Daga nan fa, Iya?"

"Babu daga nan. Da safe aka tsinci igiyarta a bakin ƙofa."

Na fashe da kuka. Na ce gobe ta sake, zan kira, tun daga gonaki zan fara kira. Ta ce, "Wanda ya shiga ya shiga. Kina zaune, kina gani, kin san abin da ba ta sani ba, bakinki kuma yana jikinki." Ba ta sake ba mu ta Kande ba har ta koma ga Allah. Yaran gidan suka yi ta roƙo, ta ce musu Kande ta rasu.

Da wannan na girma. Na yi aure, na haihu, na aurar, na binne miji, ban taɓa iya ganin mutum ya doshi rami in yi shiru ba, ko a kasuwa, ko a mota, ko a gidan da ba nawa ba. Wasu sun gode, wasu sun ce na cika shisshigi. Da wannan halin kuma na hau jirgi, lokacin da ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya aiko aka kai ni wurinsa Greensboro, a Amurka.

Gidan haya ne a saman bene, kusa da hanyar Wendover, inda motoci ba sa yankewa. Shi yana ɗaga kaya a wani ƙaton sito, matarsa tana kitso a shago can East Greensboro, su fita da sassafe su dawo a gajiye. Ni da taga muke wuni. Sai jikokina biyu in sun dawo daga lakwal, wato makaranta: Hadiza, mai sanyin hali, da wanta Nasiru, wanda nake tsokana da maigidana, shi kuma ya ce ai shi ba zai zauna da tsohuwa marar haƙori ba.

Nasiru yaro ne mai kirki, amma zuciyarsa a kusa take. A Maraɗi aka haife shi, aka zo da shi yana ƙarami, takardunsa na zama kuwa har lokacin ba su gama fitowa ba. Shekarun nan ne da wasu mutanen ƙasar suke yi wa mace mai lulluɓi da namiji mai suna irin namu wani irin kallo. An taɓa zagin uwarsa a lakwal, ya fasa wa yaron baki, har 'yan sanda suka zo. Da ƙyar maganar ta mutu. A gabana ubansa ya zaunar da shi ya ce, "Lauya ya faɗa mini da bakinsa. Ka sake ɗaga hannu ga wani, a rubuta sunanka, shi ke nan, jirgi za su sa ka, kuma ba ni da abin da zan iya yi. Ka ji ni?" Ya ce ya ji. Ni ma na ji.

Wata Asabar da rana suka shigo ɗakina su biyu, da fara'ar da ta yi yawa. Nasiru bai daɗe da samun takardar tuƙin mota ba, mabuɗin motar uwarsa yana ta yawo a yatsansa.

"Kaka, tashi ki yi kwalliya, yau zan fita da amaryata."

"Yau kuma na zama amarya? Jiya fa da na ce ka miƙo mini buta? Me kake nema?"

"Sinima za mu kai ki," in ji Hadiza. "Tatsuniya ce ta Turawa, ta aljanu da fatalwa. Amma in kin san za ki ji tsoro, sai mu bari."

"Ni? Ni da aka yaye ni da dodanni? Ɗauko mini mayafina."

Sai a ƙofar wurin na gane wayon. Irin wannan fim ba a barin masu shekarunsu su shiga sai da babba. Mai sayar da tikiti ta dube su, ta girgiza kai, Hadiza ta nuno ni kamar an kawo shaida gaban alƙali. Na ce wa Nasiru, "Ashe mabuɗi ka ɗauko, ba amarya ba." Ya yi dariya ya sayo mini gugguru a kwano kamar na awon hatsi. A zauren da ake sayar da shi na ga ɗan sanda tsaye, ya harɗe hannu, bindiga a ƙugu. Hadiza ta ce ran Asabar haka suke ajiye ɗaya saboda samari. Na yi masa sannu da aiki, ya gyaɗa kai.

Muka shiga. Rana tsaka a waje, ciki kuwa duhu, ga sanyi kamar cikin randa. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Gwiwoyina sun daɗe da gajiya, don haka muka zauna a bakin hanya, ni a ƙarshe, Nasiru kusa da ni, Hadiza a ciki.

Abin da na gani a ɗakin nan kafin labari ya yi nisa, ban taɓa ganin irinsa a wurin taro ba. Samari a gabanmu sun ɗora ƙafafu kan kujerun mutane, takalmin ɗaya daidai kunnen wani dattijo. Wayoyinsu suna ta walƙiya a cikin duhu, ɗaya har amsa kira ya yi, yana hira kamar a ɗakin uwarsa. Suna jifan juna da gugguru, abinci, yana zuba ƙasa ana takawa. Da aka kashe mutum na farko a bangon da ake haska fim ɗin, jini ya fantsama, sai suka kwashe da dariya har da tafi. Na ce, Inna lillahi, mutum ya mutu ana dariya. A bayanmu akwai wani ƙaton Bature mai hular hana-sallah, da matarsa. Tun farko nake jin sa yana huci saboda samarin nan, yana tsaki, yana gyara zama, amma bai ce musu komai ba. Su da yawa ne.

Turanci ba na ji, amma labari ba ya ɓoye mini. Wata yarinya ce mai gashi kamar gemun masara, ita da mijinta a wani babban gida cikin daji. Mun ga mijin ya shiga mota ya tafi, mun ga abin da ya tare shi a hanya, mun san ba zai dawo ba. Ita ba ta sani ba. Dare ya yi mata, wuta ta ɗauke. Sai muryar mijin ta fara kiran sunanta daga ɗakin da ke ƙarƙashin gidan, a hankali, da lallashi. Ta kunna 'yar tocila ta doshi ƙofar.

Kiɗan da ke tafe da labarin ya tsaya cak. Ɗakin duka ya yi tsit, har samarin. Na san wannan shirun, na san na wane ne. Na jira wani ya fara, don ni baƙuwa ce, ba wanda ya motsa. Mutane cike da ɗaki, kowa ya san abin da ba ta sani ba, kowa baki a rufe, wasu ma suna cusa gugguru.

"Ke 'yar nan, koma!" na ce. "Ba mijinki ba ne!"

Muryata ta fi yadda na zata ƙarfi. Kawuna suka juyo. Wani ya yi dariya, wasu suka kama. Hadiza ta zame cikin kujera har ta kusa ɓacewa.

"Kaka! Ba a magana a nan!"

"Ba a magana? Shiga za ta yi fa."

"Fim ne, Kaka, an riga an gama shi tuntuni. Ba ta jin ki."

"To, waɗancan da suke ta surutu fa tun ɗazu?"

"Ke dai don Allah."

Nasiru ya matse hannuna, kafaɗunsa suna rawa da dariyar da yake ɓoyewa. Samarin gaba suka ɗauki kalmata suna jefa wa juna, "Koma, koma," da karyayyen harshe. Sai na ji an doki bayan kujerata da ƙafa, dukan da ya girgiza ni har wuya. Baturen ne. Ya faɗi kalmar da ko ni na sani, don ina jin yara suna faɗa wa juna: shatap. Dariyar Nasiru ta tsaya. Ya waiwaya ya dube shi, na ja hannunsa ya juyo.

Na yi niyyar yin shiru, Allah shaida ne. Na kama bakina da gefen mayafi na danne. Amma yarinyar ta buɗe ƙofar, ga matakala ta gangara cikin duhu, ga wani abu can ƙasa da ba mu gani sosai ba, sai dai ya motsa. Muryar ta sake kira. Ta sa ƙafa a mataki na farko. Ban san lokacin da na ɗaga daga kujera ba.

"Kada ki sauka! Don girman Allah kada ki sauka!"

Hannu ya sauka a kafaɗata, mai nauyi, ya danna ni kan kujera. Yatsunsa suka kama mayafina da ɗankwalina, suka zame daga kaina har wuya. Kaina a buɗe, furfurata a waje, cikin maza. Ya faɗi doguwar magana da ƙarfi kusa da kunnena. Daga baya na matsa wa Hadiza ta fassara mini: wai in ba mu iya zama cikin mutane ba, mu kwashi tsummokaranmu mu koma inda muka fito.

Ban ga tashin Nasiru ba. Na dai ga ya tsallake ƙafafuna yana tsaye a hanya, Baturen ma ya fito, kofin lemonsa ya kife, ƙanƙara ta watse a ƙasa. Ƙirji da ƙirji. Nasiru ya kai shi tsawo, amma bai kai rabin kaurinsa ba. Yana magana da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Hasken bango yana faɗowa kan fuskarsa yana ɗaukewa. Hannunsa na dama a dunƙule, ya ja shi baya kaɗan. Baturen yana nuna haɓarsa da yatsa, wato ga wuri, bismillah.

Ɗakin ya juyo gaba ɗaya. Sun bar yarinyar a matakala, sun sami sabon kallo. Samarin suka hau kan kujeru suna zuga, kalma ɗaya suke maimaitawa suna buga ƙafa. Sauran suka zuba ido, manya da su, wasu da furfura kamar tawa. Wata ma'aikaciyar gidan ta leƙo daga ƙofa da tocila, ta juya da gudu. Na san wanda ta tafi kira.

"Nasiru!" na ce. Bai ji ba. "Nasiru, maganar ubanka!" Hadiza tana kuka tana jan rigarsa, ya fizge ba tare da ya san ya fizge ba. Na sake kira da duk ƙarfin da ke ƙirjina, da sunansa, da sunan kakansa, ko gezau. Idonsa yana kan haɓar nan. Wallahi a cikin duhun nan na gan shi zaune a jirgi shi kaɗai, ana mayar da shi garin da ko hanyar kasuwarsa bai sani ba.

Tun rasuwar surukina ban durƙusa wa namiji ba. Ni ake durƙusa wa. Na ja mayafina na rufe kai, na dafa hannun kujera, na kutsa tsakaninsu, na kai gwiwoyina ƙasa, cikin lemo da ƙanƙara da gugguru. Suka yi ƙara kamar an karya kara, zafin ya hau har ƙuguna. Ba Nasiru na fuskanta ba, Baturen na fuskanta. Na haɗa hannu biyu na ɗaga, na ce, "Yi haƙuri, ɗan nan. Tsohuwa ce, ban san dokar gidanku ba. Yi haƙuri don iyayenka. Sori. Sori." Ita kaɗai ce kalmarsu da nake da ita, sai na yi ta ba shi.

Ya ja da baya kamar ya taka garwashi. Ya dube ni, ya dubi mutane, bakinsa a buɗe. Matarsa ta kama hannun rigarsa tana ja tana kiran sunansa. Samarin suka sauko daga kujeru ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka!" Muryar Nasiru ta tsage. "Me kike yi? Tashi! Wannan ne fa ya taɓa ki! Tashi!"

"Ba zan iya ba."

"Tashi mana, don Allah!"

"Na ce ba zan iya ba. Gwiwar ta ƙi. Sai ka ɗaga ni."

Ya miƙo hannun hagu ya kama damtsena, na daman yana nan a dunƙule, idonsa kuma bai bar Baturen ba.

"Da hagu za ka ɗaga kakarka? Haka aka koya maka? Kawo duka biyun."

Na saki jikina gaba ɗaya, na yi nauyi kamar buhun gero. Rabi da gangan na yi, rabi kuwa gaskiya ce, don ƙafafun sun mutu. Ya ja da hannu ɗaya, na karkace kamar zan faɗi a gefen kujera. Sai na ji ɗaya hannun ya buɗe, ya shigo ƙarƙashin hammatata. Yana da zafi kamar mai zazzaɓi.

A haka hasken tocila ya same mu. Ɗan sandan ya taho da sauri, hannunsa a ƙugu, abin da ya gani shi ne yaro yana ɗaga tsohuwa daga ƙasa. Ya haska fuskar Nasiru, ya daɗe yana haskawa, ya sauke hasken kan hannuwansa, suna jikina duka biyun. Ya yi tambaya. Hadiza, Allah ya yi mata albarka, ta share hawaye ta ce kakarta ce ta kasa tashi, gida za mu. Ya juya ga Baturen. Na san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Baturen ya dube ni, ya dubi zanena da ya jiƙe, ya ɗaga kafaɗa ya faɗi wani abu gajere, ya koma ya zauna. Ɗan sandan ya raka mu har ƙofa, ya riƙe mana ita. Bai tambayi sunan kowa ba. A bayanmu na ji yarinyar ta ƙwalla ƙara, ban waiwaya ba.

A waje rana tana nan, har ta kashe mini ido. Muka shiga mota muka kama hanya. Sai da jar fitila ta tsayar da mu a Wendover, Nasiru ya doki sitiyari da tafin hannu.

"Me ya sa? Me ya sa kika yi masa haka? Ya cire miki mayafi, Kaka! A gabana! Kuma ke ce kika..." Hausar ta ƙare masa, ya ci gaba da Turanci, hawaye yana bin hancinsa.

Na bari ya gama. Na ce, "Gwiwar tawa ce ko taka?"

"Kaka..."

"Tawa ce. Na kai ta inda na ga dama. Kai dai tuƙa mu gida, ga fitila ta ba ka hannu."

Shekaru sun shuɗe ina juya wannan rana a raina. Na daɗe ina zaton kira shi ne dukan abin da ake bin mai gani bashi. Amma mutanen Iya a bakinta suke zaune, shi ya sa suke jin kira. Ɗan Adam mai jini a jika, in zuciya ta hau shi, kunnensa ne yake fara mutuwa, kuma wanda yake son ya tare shi sai ya tashi daga inda yake zaune ya biya da wani abu nasa. Na kuma yarda kowane gida da ladabinsa. Su shiru ne nasu, mu amsawa ce namu, da an gaya mini tun a mota da na yi ƙoƙari don yaran. Abin da har yau ban gane ba shi ne ladabin da ya hana a yi wa hoto magana, ya kuma bar ɗaki guda na manya su zuba wa yaro mai rai ido yana shirin ƙona rayuwarsa.

Takardun Nasiru sun fito daga baya. Yana nan, yana aikinsa, har ya ajiye iyali. Ubansa bai taɓa jin wannan labari ba, Nasiru kuma bai sake ɗauko mini maganar ba, ko da wasa.

Amma a ranar, da muka isa gida, na cire zanen, wurin gwiwoyin ya yi baƙi ya yi danƙo, na jefa shi kwandon wanki. Iyayensu suka dawo. Uban ya tambaya yaya sinima, Hadiza ta ce lafiya lau, ni na ce sanyin wurin ya yi yawa. Nasiru bai fito cin tuwo ba. Da na tashi yin alwala, sai na tarar da ƙofar banɗaki a ɗan buɗe, ruwa yana zuba. Yana durƙushe a bakin bahon wanka, zanena a hannunsa. Ga injin wanki a ƙasan bene, ga yaron da ko safarsa bai taɓa wankewa ba, yana cuɗa wurin gwiwar da sabulun wanka, bai ma iya ba, yana cuɗawa yana jan hanci.

Ban shiga ba, ban tsokane shi ba. Na koma kicin na yi alwalata a can, na bar masa ruwan.